Barahmin a Rayuwar Hindu ta Yau: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban da karatu ya kai su jami'o'in Indiya, da masu zuwa jinya ko fatauci a Delhi da Mumbai da Chennai, da waɗanda suka taso suna kallon fina-finan Indiya suna ganin mutumin nan mai zare a kafaɗa yana ɗaura aure a gaban wuta. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi.

Wane ne ake kira Barahmin?

Tsofaffin littattafan addinin Hindu sun kasa al'umma gida huɗu, kowane gida ana ce masa varna. Barahminawa ne na farko, aikinsu karatu da karantarwa da gudanar da ibada. Bayansu sai Kshatriya masu mulki da yaƙi, sai Vaishya masu noma da kiwo da fatauci, sai Shudra waɗanda aka ɗora wa hidimar sauran ukun. Wata waƙa a cikin Rigveda, littafin da ya fi kowanne tsufa a wurinsu, ta ce an fitar da Barahmin daga bakin wani mutum na farko da aka yi hadaya da shi, Kshatriya daga hannuwansa, Vaishya daga cinyoyinsa, Shudra kuma daga ƙafafunsa. A wajen waɗannan gidaje huɗu aka bar miliyoyin mutanen da a dā ake ƙyamar taɓa su, waɗanda a yau suke kiran kansu Dalit.

Littafin shari'a na Manu ya lissafa wa Barahmin ayyuka shida: ya karanta Veda, wato tsofaffin littattafansu masu tsarki, ya karantar da ita, ya yi hadaya don kansa, ya yi wa wasu, ya bayar da kyauta, ya kuma karɓa. Wannan shi ne abin da ke rubuce. A zaman yau da kullum kuwa, abin da mutum yake rayuwa a cikinsa shi ne jati, wato ƙaramin rukunin da aka haife shi a ciki, mai harshensa da garinsa na asali da dangin da yake aurayya da su. Jati dubbai ne a Indiya, kuma Barahminawa kansu sun rabu zuwa ɗaruruwa daga cikinsu.

Su ne Barahima da ake ambata a littattafan tauhidi? Sunan yana da alaƙa da Annabi Ibrahim?

Su ne ake nufi, ko da yake malaman tauhidi na dā sun yi amfani da sunan ne a kan wata da'awa guda, ta masu cewa hankali ya wadatar ba sai an aiko manzanni ba, wanda bai wakilci duk abin da Barahminawa suka yi imani da shi ba. Alaƙa da Annabi Ibrahim (AS) kuwa babu ita. Shaharastani ya ambaci masu wannan zato tun a ƙarni na 12, ya kuma ce kuskure ne. Sunan daga harshen Sanskirit yake. Wanda ya fi kowa yin bayaninsu da idon basira a cikin malaman Musulmi na dā shi ne Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajajen 1030.

Su nawa ne, kuma a ina suka fi yawa?

Ƙidayar ƙarshe da aka wallafa cikakken lissafin kowane jati a cikinta ita ce ta 1931, zamanin Turawan Ingila, don haka alƙaluman da ake amfani da su yanzu daga bincike suke fitowa. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021, bayan ta tattauna da kusan mutum 30,000, kashi 4 cikin 100 na manyan Indiya ne suka ce su Barahminawa ne. Jihar Bihar ta yi nata lissafin a 2023, ta same su ƙasa da kashi 4. Sun fi yawa a arewa, a jihohi irin su Uttar Pradesh da Uttarakhand da Himachal Pradesh, sun fi ƙaranci a kudu. A Nefal, inda ake ce musu Bahun, ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 12. A watan Afrilu 2025 gwamnatin Indiya ta sanar cewa ƙidayar da ke tafe za ta haɗa da tambayar jati.

Ke nan duk Barahmin mai jagorantar ibada ne?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da baƙo ya fi yi. Mafi yawansu ba su taɓa jagorantar ibadar kowa ba, kuma ba yau abin ya fara ba. Gidan Peshwa da suka riƙe ragamar daular Maratha daga 1713 zuwa 1818 Barahminawa ne. Rundunar Bengal ta kamfanin Turawan Ingila da ya mulki Indiya cike take da su, kuma Mangal Pandey da aka rataye a farkon tawayen 1857 ɗaya ne daga cikinsu. Akwai manoma, akwai magatakardan ƙauye, akwai masu dafa abinci, a yau kuma akwai injiniyoyi da direbobi da masu gadi.

Wanda ya saba da gidajen malamai a ƙasar Hausa zai iya fahimtar rabin lamarin: gida ne da aka san shi da karatu kaka da kakanni. Sauran rabin shi ne bambancin. A wurinmu ɗan maƙeri idan ya yi karatu ya zama malami, ɗan malami kuma idan bai yi ba, ba a kiransa ya ja baƙi. A can ɗan Barahmin da bai san ko baiti ɗaya na Veda ba yana nan a matsayinsa, kuma bisa al'ada ɗan wani gida ba ya shiga wannan matsayi komai iliminsa.

Masu aikin ibadar ma hawa-hawa ne. Purohit shi ne na iyali, mai ɗaurin aure da raɗin suna da tarewa a sabon gida. Pujari ko archaka shi ne mai hidimar ɗakin bauta. Panda su ne na wuraren ziyara kamar Varanasi da Gaya da Haridwar, kuma na Haridwar suna ajiye kundayen da aka rubuta sunayen iyalan da suka zo zuba tokar mamatansu a kogin Ganga tsawon ƙarnoni. Abin mamaki, a tsohuwar mahanga malamin da ke karantarwa ba ya karɓar lada ya fi mai aikin ɗakin bauta daraja, mai karɓar kyautar jana'iza kuwa shi ne a ƙasa, har sauran Barahminawa ba sa aurayya da gidansa.

Da haihuwa ake zama Barahmin ko da hali?

Wannan gardama ta girmi duk masu yin ta a yau, kuma kowane ɓangare yana da nassinsa. A cikin littafin Chandogya Upanishad akwai labarin yaro Satyakama, wanda ya je neman karatu, malami ya tambaye shi zuriyarsa, ya amsa cewa mahaifiyarsa ta gaya masa ita ma ba ta san ubansa ba, domin ta yi aikatau a wurare da dama tana ƙuruciya. Malamin ya ce wanda ba Barahmin ba ba zai iya faɗin gaskiya irin wannan ba, ya karɓe shi. A cikin littafin Mahabharata, sarki Yudhishthira ya amsa wa macijin da ya kama ɗan'uwansa cewa duk wanda aka samu gaskiya da kyauta da yafiya a tare da shi, shi ne Barahmin, ko da a gidan Shudra aka haife shi. Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin manyan littattafansu, ta ce an kasa varna huɗu ne bisa ɗabi'a da aiki, ta kuma lissafa siffofin Barahmin: natsuwa, kame kai, juriyar ibada, tsarki, haƙuri, gaskiya, ilimi da imani. Shi ma Buddha ya koyar da cewa aiki ne ke mayar da mutum Barahmin.

Masu riƙe da al'ada suna karanta waɗannan nassoshi ta wata fuska. A wurinsu ɗabi'ar tana zuwa ne tare da haihuwa, domin ayyukan da rai ya yi a rayuwar da ta gabata su ne ke zaɓa masa gidan da za a haife shi. Ƙungiyoyin gyara sun ƙi wannan fassara. Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a Bombay a 1875, tana ɗaura wa kowa zare tana koyar da shi Veda. Ƙungiyar Hare Krishna, wadda aka kafa a New York a 1966, tana ba Turawa da 'yan Afirka matsayin Barahmin bayan horo.

Idan aka bar littafi aka dubi abin da mutane ke yi, haihuwa ce ta yi rinjaye ba tare da wata tantama ba. Ita ake dubawa wajen aure, ita hukuma ke dubawa wajen bayar da takardar shaidar aji, wato rukunin da mutum ya fito daga ciki, kuma kotunan Indiya sun sha yanke cewa aure ba ya sauya ajin da aka haifi mutum a ciki. Maganar hali ta fi rai a wa'azi da muhawara. Mai karatu ya haɗa wannan amsa da ta aure da ke ƙasa.

Mene ne zaren da suke ratayawa, kuma me ake bukata daga mai shi?

Zaren auduga ne mai igiya uku, yana ratsawa daga kafaɗar hagu zuwa ƙarƙashin hannun dama. A arewa ana ce masa janeu, a ƙasar Tamil punal. Ana ɗaura wa yaro shi a bikin upanayana, bisa ƙa'ida a shekararsa ta takwas, inda uba ke raɗa masa addu'ar Gayatri a kunne, yaron kuma ya roƙi sadakar abinci daga mahaifiyarsa a matsayin alamar fara almajiranci. Daga ranar ana ɗaukarsa wanda aka haifa sau biyu. Su ma Kshatriya da Vaishya suna da haƙƙin wannan zare, saboda haka ganinsa a jikin mutum bai isa hujja ba.

Mai zare ana so ya yi ibadar sandhya sau uku a yini, da hudowar rana da tsakiyarta da faɗuwarta, yana maimaita Gayatri. Idan zai kewaya sai ya naɗe zaren a kunnen dama, idan zai yi wa magabata hidima sai ya mayar da shi kafaɗar dama, sau ɗaya kuma a shekara, wajajen watan Agusta, a sauya shi da sabo. Nawa ne ke cika wannan duka a yau? Kaɗan. A gidaje da yawa na birni ana yin upanayana ne ana gobe ko jibi ɗaurin auren saurayi, don kawai a cika sharaɗi, wasu kuma suna sa zaren ranar biki su cire washegari.

Barahminawa duk abu ɗaya ne?

Ko kusa. Tsohon rabo ya kasa su goma, biyar a arewacin duwatsun Vindhya, biyar a kudu. Kanyakubja na Uttar Pradesh da Maithil na Bihar da Pandit na Kashmir da Chitpavan na Maharashtra da Iyer da Iyengar na ƙasar Tamil da Nambudiri na Kerala ba harshensu ɗaya ba, ba abincinsu ɗaya ba, kuma a al'ada ba sa ba juna aure. Ko a cikin Tamil, Iyer suna bin koyarwar Shankara, Iyengar suna bin ta Ramanuja, kuma ana gane su da zanen goshi. Kowane iyali yana da gotra, wato zuriyar da ke komawa ga wani tsohon waliyyinsu kamar Bharadvaja ko Kashyapa ko Vasishtha, kuma 'yan gotra ɗaya ba sa auren juna, domin ana ɗaukarsu 'yan'uwa.

Gaskiya ne ba sa cin nama?

Galibinsu ba sa ci, musamman a kudu da Gujarat da Rajasthan, kuma masu tsanani suna barin albasa da tafarnuwa. Sai dai Barahminawan Bengal da Maithil na Bihar suna cin kifi, haka Saraswat na gaɓar tekun Konkan, Pandit na Kashmir kuma sun shahara da naman rago, alhali a al'adarsu ba sa sa albasa da tafarnuwa a ciki. Naman shanu ne kusan kowa ya yi tarayya wajen ƙinsa.

Tsohuwar ƙa'ida ta fi damuwa da hannun da ya dafa fiye da abin da aka dafa. Barahmin ba ya cin abincin da aka dafa da ruwa, kamar shinkafa, daga hannun wanda ke ƙasa da shi, amma kowa yana iya cin nasa. Wannan ne ya sa girki ya zama sana'arsu a gidajen masu hali da wuraren biki, kuma gidajen abinci na Udupi da suka bazu a biranen Indiya Barahminawan gaɓar Karnataka ne suka fara su. Ɗakin cin abinci na ofis da na jami'a ya rushe yawancin wannan ƙa'ida a waje, amma a cikin gida tana nan da sauran ƙarfi, kamar yadda amsar ƙyamar taɓawa da ke ƙasa ta nuna.

Dokar Indiya ta ba su wani fifiko?

Babu ko ɗaya. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, wanda B. R. Ambedkar, ɗan Dalit, ya shugabanci kwamitin tsara shi, ya hana nuna bambancin aji a sashe na 15, ya kuma soke ƙyamar taɓawa a sashe na 17. Doka ta ma juya ne wajen waɗanda aka danne. A ayyukan gwamnatin tarayya da manyan makarantunta an keɓe kashi 15 ga Dalit, kashi 7.5 ga ƙabilun asali, kashi 27 ga sauran ajujuwan da aka bari a baya. Wannan na ƙarshe shawarar kwamitin Mandal ce, wadda Firaminista V. P. Singh ya zartar a 1990, ɗaliban manyan ajujuwa suka yi zanga-zanga har wasu suka cinna wa kansu wuta, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1992. Barahminawa suna cikin rukunin da ke takara a guraben da ba a keɓe ba, ban da kason marasa ƙarfi da za a ambata a ƙasa.

To me ya sa suka yi yawa a manyan muƙamai da jami'o'i?

Gadon karatu ne ya fi komai bayyana wannan. Gidan da ya shafe ƙarnoni yana hadda da rubutu da lissafi shi ne ya fi saurin kama kowane sabon harshen mulki. Pandit na Kashmir sun koyi Farisanci sun yi wa sarakunan Musulmi aiki, kuma da aka buɗe jami'o'in Calcutta da Bombay da Madras a 1857, 'ya'yan Barahminawa ne suka yi cincirindo a ƙofa. A lardin Madras ba su wuce kimanin kashi 3 na jama'a ba, amma a farkon ƙarni na 20 su ne suka riƙe yawancin manyan muƙaman da Turawa suka bar wa 'yan ƙasa. Jawaharlal Nehru da Indira Gandhi da Morarji Desai da Narasimha Rao da Atal Bihari Vajpayee duk daga gidajen Barahmin suka fito, haka C. V. Raman da ya ci lambar Nobel a 1930 da S. Chandrasekhar da ya ci a 1983.

Masu alfahari da wannan sukan kira shi hazaƙa zalla, su manta cewa an hana wasu taɓa littafi tsawon ƙarnonin da su suke karatu. A ɗaya gefen, masu suka sukan zarce su ce komai na Indiya a hannunsu yake, wanda shi ma ba daidai ba ne. Masanin zamantakewa M. N. Srinivas ya nuna cewa a ƙauyuka da yawa iko yana hannun ajin da ya mallaki ƙasa kuma yake da yawan jama'a, irin su Jat da Maratha da Reddy da Patidar. Manyan gidajen kasuwanci ma galibi na 'yan fatauci ne. Gandhi ba Barahmin ba ne, Narendra Modi ma haka.

Me ya sa adawa da su ta fi zafi a kudu da yamma?

Domin a can ne suka fi ƙaranci kuma suka fi mamaye ofisoshi. Jyotirao Phule ya kafa ƙungiyar Satyashodhak Samaj a Pune a 1873 don talakawa su riƙa yin bukukuwansu ba tare da purohit ba. A Madras an kafa jam'iyyar Justice a 1916, ta kawo tsarin rabon muƙamai tsakanin al'ummomi a 1921, sannan wani jagora mai suna Periyar ya fara gwagwarmayar mutunta kai ta waɗanda ba Barahminawa ba a 1925. Wata Barahmin mai suna Champakam Dorairajan ta kai ƙarar wannan rabo, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 1951, sai majalisa ta yi wa kundin tsarin mulki gyaransa na farko a shekarar don a ci gaba da keɓe gurabe. Bayan jam'iyyar DMK ta hau mulkin jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, a 1967, an halatta auren da aka ɗaura ba tare da Barahmin ba, kuma a yau guraben da aka keɓe a Tamil Nadu sun kai kashi 69.

A Maharashtra, bayan Nathuram Godse, wanda Chitpavan ne, ya kashe Gandhi ranar 30 ga Janairu 1948, an ƙona gidajen Barahminawa a garuruwa da ƙauyuka da dama, da yawa suka koma birni. A Kerala dokokin rabon ƙasa da suka fara aiki sosai a 1970 sun raba Nambudiri da gonakinsu. Titunan Barahminawa da ke jikin manyan ɗakunan bauta a ƙauyukan Tamil, waɗanda ake kira agraharam, da yawa sun zama na tsofaffi, 'ya'ya suna Chennai ko Bengaluru ko Amurka. Duk da haka siyasa ba ta bin layi miƙaƙƙe: Jayalalithaa, Barahmin ce 'yar Iyengar, ta jagoranci jam'iyyar da ta samo asali daga gwagwarmayar Periyar har rasuwarta a 2016, Mayawati kuma, 'yar Dalit, ta ci zaɓen Uttar Pradesh a 2007 da taimakon ƙuri'un Barahminawa.

Akwai talakawa a cikinsu?

Akwai da yawa, kuma sau tari waɗanda suka tsaya kan aikin gado ne. Pujari na ƙaramin ɗakin bauta a ƙauye yana rayuwa ne da abin da masu ziyara suka ajiye a faranti da ɗan abin da aka ba shi bayan biki, wanda ake kira dakshina. Yaron da ya shafe shekaru yana haddar Veda ba tare da takardar boko ba yakan sha wahalar samun mata ko a cikin danginsa, domin iyaye sun fi son suruki mai albashi. Abin ya kai hukumar kula da Barahminawa ta jihar Karnataka ta sanar a 2021 da tallafin rupi 300,000 ga macen da ta auri matalaucin mai jagorantar ibada. A matakin tarayya, gyaran kundin tsarin mulki na Janairu 2019 ya keɓe kashi 10 ga marasa ƙarfi daga ajujuwan da ba su da kaso, da sharaɗin kuɗin shigar iyali bai kai rupi 800,000 a shekara ba, Kotun Ƙoli ta amince da shi a Nuwamba 2022 da rinjayen alƙalai uku a kan biyu.

Wanda ba Barahmin ba, ko mace, za su iya jagorantar ibada?

Dubban ɗakunan bautar ƙauye dama can ba Barahminawa ke hidimarsu ba. Rigimar a kan manyan wurare take. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata ƙara daga Kerala, cewa wanda ya samu horon da ya dace zai iya riƙe aikin ko daga wane aji ya fito. A 2017 hukumar ɗakunan bauta ta Travancore a Kerala ta ɗauki mutum 36 waɗanda ba Barahminawa ba, 6 daga ciki Dalit, Tamil Nadu kuma ta yi irin wannan naɗi a Agusta 2021, ana ta shari'a a kansa. A Pune ana horar da mata aikin purohit tun shekarun 1970, kuma iyalai da yawa sun fi son su saboda suna fassara abin da suke karantawa.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bi ta gado ba, wato ta masu barin duniya. Wanda ya zama sannyasi yakan cire zarensa ya bar sunan gidansu. Ta wannan ƙofa ce ɗan Ghana Swami Ghanananda Saraswati ya shiga, ya jagoranci gidan ibadar Hindu da aka kafa a Accra a 1975.

Yaya batun aure yake a yau?

Nan ne katangar ta fi tsayi. Doka ta halatta aure tsakanin ajujuwa, amma wani babban binciken iyalai da aka yi a 2011 zuwa 2012 ya gano cewa kimanin kashi 5 ne kawai na aure a Indiya ke ƙetare jati. A binciken Pew da aka ambata, kusan kashi 64 sun ce yana da matuƙar muhimmanci a hana matan al'ummarsu auren wani aji. Tallan neman aure a jaridun Lahadi da shafukan intanet har yanzu a kan jati ake jera su, ana ambaton gotra da tauraron haihuwa. Sauyin da ake gani a birane shi ne faɗaɗar da'ira: Iyer ya auri Iyengar, Barahmin na arewa ya auri ta kudu, abin da kakanninsu ba za su lamunta ba. Mutum yana iya barin zare da sandhya da ƙa'idar abinci, amma ranar da za a aurar da 'yarsa sai asalin ya taso.

Har yanzu ana ƙyamar taɓa Dalit? Kuma ina Barahminawa suka tsaya?

Doka ta haramta, akwai ma dokar 1989 mai hukunta cin zarafin Dalit da ƙabilun asali, amma al'adar ba ta mutu ba. A binciken iyalai na 2011 zuwa 2012, kashi 27 na gidaje sun amsa da bakinsu cewa suna yin wani nau'i nata, kamar hana Dalit shiga ɗakin girki ko taɓa tukwane, a cikin gidajen Barahminawa kuma adadin ya kai kashi 52. Ambedkar ya ƙona littafin Manu a bainar jama'a a Mahad ranar 25 ga Disamba 1927, ya kuma bar addinin Hindu ya koma na Buddha tare da ɗimbin mabiyansa a Nagpur a Oktoba 1956. Duk da haka ya bambanta tsakanin mutanen da aƙidar fifiko, wadda ya ce ana samunta a kowane aji, kuma matarsa ta biyu Barahmin ce.

Daga cikin gidajen nan ne kuma wasu manyan masu gyara suka fito. Ram Mohan Roy ya yi yaƙi da ƙona mace tare da gawar mijinta har aka hana a 1829. Ishwar Chandra Vidyasagar ya tsaya sai da aka halatta wa matan da mazajensu suka rasu sake aure a 1856. E. M. S. Namboodiripad ya jagoranci gwamnatin kwaminisanci ta Kerala a 1957, wadda ta fara taɓa gonakin danginsa. Bindeshwar Pathak ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970, ya ƙarar da rayuwarsa kan gina banɗakuna don a daina sa mutane kwashe bayan gida da hannu.

An ce a dā ba sa ƙetare teku. Yaya aka yi suka cika ƙasashen waje?

Tsohuwar ƙa'ida ta ɗauki tafiyar teku a matsayin abin da ke zubar da tsarki, domin matafiyi ba zai iya kiyaye abinci da ibadarsa ba, kuma wanda ya dawo sai ya yi kaffara kafin dangi su ci abinci da shi. Wannan na cikin abin da ya jinkirta tafiyar masanin lissafi Ramanujan zuwa Cambridge a 1914. Yau ƙa'idar ta rage ne kawai ga masu hidima a wasu manyan ɗakunan bauta da shugabannin wasu zawiyoyinsu. A Moris da Guyana da Trinidad da Fiji, inda aka kai 'yan ƙwadago a ƙarni na 19, yawancin bambancin jati ya narke, amma aikin pandit, wato mai jagorantar ibada, ya daɗe a hannun iyalan Barahmin. A tsibirin Bali na Indunusiya da fadar sarkin Tailan kuwa akwai Barahminawan da suka daɗe a can tun ƙarnoni.

Bayan Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, masu digiri ne suka fi samun shiga, don haka manyan ajujuwa suka yi yawa a cikin Indiyawan can. Gardamar ta bi su. Birnin Seattle ya haramta nuna bambancin aji a Fabrairu 2023, majalisar California ta zartar da irin wannan doka, amma gwamna ya ƙi sa hannu a Oktoba na shekarar, yana cewa dokokin da ake da su sun wadatar.

Za a iya gane Barahmin da sunansa, kuma ya dace a tambaye shi?

Sunaye irin su Mishra, Tiwari, Pandey, Chaturvedi, Mukherjee, Banerjee, Iyer da Deshpande sukan nuna asali, amma ba kullum ba. Sharma suna ne da wasu ajujuwa ma suke ɗauka, a Tamil Nadu yawancin mutane sun ajiye sunan jati suna amfani da harafin farko na sunan uba, a Bihar kuma da yawa sun koma Kumar. Tambayar mutum ajinsa kai tsaye rashin ladabi ce a birni, kuma ga ɗan Dalit tana iya zama cin fuska, domin ya san abin da yakan biyo bayanta. Wanda aka gayyata gidan masu riƙe da al'ada ya cire takalmi a ƙofa, kada ya shiga ɗakin girki ko kusurwar ibada sai an ce ya shiga, kada ya kai tsarabar nama ko ƙwai, kuma idan ya fara cin abinci kada ya taɓa cokalin zubawa ko tulun ruwa da hannun da yake ci da shi, ya bari mai gida ya ƙara masa.